Tabon da Ba Malam Kumfa Ya Dafa Ba

Ni na raɗa masa Malam Kumfa, kuma ban yi nadama ba. Shagona na facin taya a jikin katangar gidansa yake, kwatarsa kuma ta gabana take wucewa. Tun da ya tare a layinmu, kullum da hantsi sai kumfa ta biyo kwatar nan, fara fat, ta zo ta yi turus a ƙofar shagona. Ran nan na taka tsohuwar taya, na leƙa ta kan katanga, na ce, "Malam Kumfa, 'yarka ta sake zuwa hira wurina."

Ya ɗago daga durƙuson da yake, buroshi a hannu, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Da ka yi mata iso, Faci. Ko ƙafafun nan naka sa ga sabulu kafin ka mutu."

Daga ranar suna ya kama shi. Har jikokinsa da shi suke kiransa, in sun ga babu sanda a kusa.

Wankin kafet ne sana'arsa, da darduma, da duk abin da ake shimfiɗawa a taka. Ya ce mini da dako ya fara, yana saurayi, a wani shagon masu sayar da kafet. In kaya ya jiƙe a sito, ko ɓera ya yi masa fitsari, shi ake turawa ya san yadda zai yi kafin mai shago ya gani. A nan ya koya, ba wanda ya zaunar da shi. Da shagon ya mutu, sai ya fito da buroshi da bokiti, da amarya, da ƙanin amaryar, wanda iyayensu suka rasu suka bar mata. Ƙanin nan shi ne Auta. A hannun Malam Kumfa ya tashi, shi ya sa shi a makaranta, shi ya yi masa aure, shi ya sa ma Baba yake ce masa. A lokacin da nake ba ku labari, Auta ya zama magidanci mai tumbi, furfura har ta fara leƙowa a gemunsa.

Malam Kumfa gajere ne mai faɗin kafaɗa. Gwiwoyinsa sun yi kanta baƙi ƙirin, na sha gaya masa ranar da roba ta yanke mini zan zo in yanki ɗaya in yi faci da ita. Ba shi da yawan magana. Ka ba shi labarin haɗarin mota har da gawa, sai ya ce "Allah ya kyauta" ya ci gaba da aikinsa. Amma ka ce masa shayi ya zube a falonka, nan take zai ajiye buroshi. Da madara ko babu? Kun goge? Da me kuka goge? Sai ka rasa wa ya aike ka.

Tsakar gidansa duk siminti ne, ya yi masa ɗan gangare don ruwa ya riƙa tafiya. Ga tanki a kusurwa, ga dogayen ƙarafa da ya kafa a ƙarƙashin rumfa don shanya, saboda rana tana cin launi. In an kawo kafet, ba ya fara taɓa ruwa. Sai ya kife shi, ya bi bayansa da sanda har ƙura ta daina fita, ni kuma ina can ina atishawa ina yi masa addu'ar da ba za ta rubutu ba. Sannan ya juya shi, ya durƙusa a kan tabo, ya shinshina, ya murza da yatsa. In cingam ne, ƙanƙara yake ɗora masa har ya sandare ya ɓamɓaru. In kakin kyandir ne, takarda da dutsen guga. In mai ne, ya barbaɗa garin alli ya bar shi ya sha. Ba ya dirzar tabo. Dannawa yake da farin tsumma, daga gefe yana shigowa ciki, kamar mai lallashin jariri.

Abu biyu ne ba ya wasa da su. Na farko, madara da ƙwai da jini ba sa haɗuwa da ruwan zafi a gidansa. Ya ce zafi dafa su yake a cikin zare, kuma in suka dahu sun zama 'yan gida. Na biyu, bayan kafet. Ya ce abin da ya zube ba a fuska yake zama ba, ƙasa yake nutsewa. In ka wanke fuska kaɗai, zai yi kyau a jiƙe, amma yana bushewa dattin ƙasan zai biyo zare ya hauro, tabo ya dawo mazauninsa, har da wari. Don haka yakan wanke gaba da baya, ya shanya har ya bushe ƙayau, sannan ya shimfiɗa shi a ɗaki ya zuba masa ido na 'yan kwanaki, ko wani abu zai leƙo. Masu kaya su yi ta aike, shi ko a jikinsa.

Na ce, "Malam, kafet ɗin mutane fa ya kusa fara kiranka Baba."

Ya ce, "Ya daɗe a gidana ya fi mini ya koma nasu ya kunyata ni."

Bai kuma taɓa kunyata shi ba. A unguwarmu in mace ta ce Malam Kumfa ne ya wanke, magana ta ƙare, za ta zaunar da surukarta a ƙasa ba fargaba. Ba shi da mota, ba shi da fili, gidan ma rufinsa yana yoyo ta ɓangarena. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Ɗauko kaya da mayarwa aikin Auta ne, da babur ɗinsa mai ƙafa uku. Wayar ma a hannunsa take, don Malam Kumfa ya sha yi wa waya wanka a bokiti har matarsa ta ce ya isa haka. Saboda haka yawancin gidajen da yake wa aiki bai taɓa taka ƙofarsu ba. Ya san kafet ɗinsu gaba da baya, bai san fuskarsu ba.

Matar tasa Maman Yara nake ce mata. Mace ce mai kirki, ba zan ɓoye ba, don na ci abincinta fiye da yadda na gode. Ita kaɗai ke iya kashe mini baki a layin nan. In na fara, sai ta ce, "Faci, bakinka ya fi tayar da kake wa aiki buƙatar faci." In yi shiru in karɓi kwano.

Wata damina tari ya kama Malam Kumfa, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ga ciwon baya. Likita ya ce ya nisanci ruwa da ƙura. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Wai in nisanci ruwa da ƙura. Kai in aka ce ka nisanci taya da iska, me ya rage?" Ya kwanta 'yan kwanaki, ya miƙe ya koma bakin tanki. Ina jin Maman Yara ta kan katanga tana roƙonsa, wata rana da faɗa, wata rana da kuka. Bai ji ba.

Bayan nan ne aiki ya fara ja baya. Auta ya fita da safe, ya dawo da yamma da 'yar darduma ɗaya ko shimfiɗar bakin ƙofa. Wata rana ya dawo wayam. Ya ce, "Baba, kasuwa ce ta kwanta. Kowa yana fama da cikinsa, wa ke ta kafet?" Malam Kumfa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don tayoyi ma ba yadda aka saba suke fashewa ba.

Sai kuma magana ta fara zagayowa. Wani direba da nake wa faci ya ce mini, "Maƙwabcin nan naka tsufa ya ci ƙarfinsa. An wanke mana kafet, ya dawo yana ƙamshi, bayan kwana kaɗan tabo ya fito fiye da da, ga wani wari kamar an jiƙa tsohon takalmi." Na yi masa tatas, har na ƙara wa tayarsa iska fiye da ƙima don haushi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Mai shagon kayan masarufi ya faɗa wa Malam Kumfa a fuska, yana miƙa masa sabulu, wai ya riƙa dubawa da kyau, mutane suna ƙorafi.

Ya dawo gida ya tambayi Auta wane gida ne. Auta ya ce, "Baba, ka san mutane. Yara su sake zubar da abu, su ce daga wanki ne." Bai gamsu ba. Tun da yake bai taɓa jin an ce tabonsa ya dawo ba, yanzu ga shi daga baki uku, baki huɗu.

Ran nan ya kira ni. Ya shimfiɗa wata ƙaramar darduma da ya wanke, tsaf da ita kamar daga shago. Ya ce, "Faci, zo ka duba mini. Kana ganin wani abu a nan?"

Na ce, "Ina ganin wani tsoho gajere a tsaye a kanta."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da gaske nake. Ko idona ne? Ko hancina ne ya toshe tun ciwon nan? Wataƙila ina wanke abu ina ganin ya fita, alhali yana nan."

Na ce masa babu komai, wallahi babu. Ya dube ni, na gane bai san ko wasa nake ba. Ya naɗe dardumar ya sake kai ta bakin tanki.

Ya tambayi matarsa. Wannan da kunnena na ji, don katangarmu ba ta riƙe sirri. Ya ce, "Ke kin fi kowa sanina. Na lalace ne?" Ta ce, "Girma ne, Malam. Kowa da lokacinsa. Ka huta mana, ba ga Auta yana ɗan taimaka wa gidan ba?" Ita ta raka shi aka gwada masa ido, ya dawo da tabarau mai kauri. Na shirya masa tsiya kala-kala a kan tabarau ɗin nan, amma da na ga yadda yake kai tsumma kusa da hancinsa yana ƙifta ido, sai na fasa. Daga baya ya ce mini zai nemi mai sayen tankin da ƙarafan. Ya ce mutumin da ba ya ganin datti bai kamata ya karɓi kayan mutane ba.

Ana cikin haka Hajiya Tela ta zo. Tana da babban shagon ɗinki a bakin titi, 'yan mata cike suna koyo, bakinta kuma ya fi kekunan duka ƙara. Ta sauko daga mota ta tsaya a gabana. "Kai mai faci, ina gidan mai wankin nan? Ƙaninsa ya daina ɗaukar wayata."

Kafin in nuna, ya fito. Ta ce, "Kai ne? To zo ka ga aikinka da idonka, in kana da shi. Kafet ɗin da 'yata ta aiko mini, ko shekara bai yi ba!"

Ya shiga motar ba musu. Ni ma na ja ƙofar shago na faɗa baya. Ta ce, "Kai kuma fa?" Na ce, "Ni ne lauyansa, Hajiya." Gaskiya dai ba a faɗa a layinmu in ba ni.

Tun daga bakin falo turare ya tare mu, a ƙarƙashinsa kuma wani tsami-tsami. Kafet ne babba, ruwan madara, mai laushi. A tsakiyarsa ga tabo ya kai faɗin faranti, ruwan ƙasa-ƙasa, gashin wurin ya ƙame. Ta ce jikanta ne ya kifar da kofin madara da aka kaɗa masa ƙwai a ciki.

Malam Kumfa ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya shinshina. Ya murza wurin da yatsa, ya tsaya cak. Sannan ya rarrafa zuwa gefe, ya ɗaga kusurwar kafet ɗin, ya buga bayansa da tafin hannu. Ƙura ta tashi, har da yashi ya zubo a kan tayil.

Ya cire tabarau. Ya ce a hankali, "Faci, wannan bai taɓa shiga gidana ba."

Na ga fuskarsa ta washe, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ashe idonsa lafiya, hancinsa lafiya. Murnar ba ta kai ko'ina ba ta mutu, don ya juya ya ce, "Hajiya, yaushe aka ɗauka, yaushe aka dawo da shi?"

"Da safe ƙaninka ya ɗauka, kafin la'asar ya dawo da shi, har da ɗuminsa. Ya ce kun sayi sabon inji mai tururi, kun daina ɓata wa mutane lokaci. Har na sa muku albarka!"

"Tururi," in ji shi. "A kan madara da ƙwai."

"Ni ban san wannan ba. Ka ce bai shiga gidanka ba, to gidan wa ya shiga? Sunanka na sani, da sunanka aka karɓa."

Ya ce ta ba shi lokaci, zai dawo da amsa, kafet ɗin kuma zai zo ya ɗauka da kansa.

A hanya na tuna ina yawan ganin babur ɗin Auta a bayan wani wurin wankin mota, na ɗauka hira yake zuwa. Muka nufi can a ƙafa. Malam Kumfa yana gaba, da gajerun ƙafafunsa, ni dogo ina haki a baya.

Wani gareji ne a buɗe. Kafet sun fi goma a jingine da bango, wasu a shimfiɗe. Na ga Malam Kumfa yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya san wasu tun suna sababbi. Auta yana tsakiya da dogon takalmin roba, yana tura wani inji mai huci. A jikin bango an rubuta da jan fenti, manya-manya: MALAM KUMFA. Sunan da na raɗa da bakina.

Auta ya kashe injin. Ya ce, "Baba."

"Na'am."

Ni na kasa haƙuri, na ce, "Auta, ashe kasuwar da ta kwanta a nan take barcinta?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Baba, zamani ne. Mutane ba sa son jira. Ka ga wannan, a yini ɗaya sai in yi abin da muke yi a..."

"Ka kife su?"

"Injin ba ya buƙatar..."

"Ka kife su, ka buge bayansu?"

"A'a."

"Tun kana kama mini gefen kafet kana faɗuwa nake gaya maka zafi ba ya taɓa madara. Ko na taɓa ɓoye maka wani abu a sana'ar nan? Da ka ce kana son naka wurin, da ni zan zuba maka simintin. Ka sa sunanka mana. Me ya kai ka nawa?"

Auta ya sunkuyar da kai, yana murza tiyo da ƙafa. Ya ce, "Da sunana ba wanda zai ba ni." Can ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Kuma ba ni kaɗai na yanke ba. Ka tambayi Yaya. Ita ta ce in riƙa karkatar da manyan kafet, kada su iso gida."

Malam Kumfa ya juya ya kama hanyar gida. Duk tsawon hanyar nan ban buɗe baki ba, wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya shiga gida, na shiga shago, na zauna a jikin katanga. Maman Yara tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ina jin ƙarar tire.

Ya ce, "Na je garejin Auta."

Tiren ya yi shiru.

"Malam, zauna in..."

"A tsaye zan ji."

"Ka ji abin da likita ya faɗa. Na roƙe ka, na yi kuka, na turo maka 'ya'yanka, ka ƙi. In zuba ido tari ya kashe ka a bakin tanki? Wallahi don kai na yi. Ban san zai ɓata aikin ba."

"Da ƙorafi ya fara zuwa fa?"

Na ji ta ajiye tiren a ƙasa.

"Mata sun zo nan, ko ba su zo ba?"

"Sun zo. Na ba su haƙuri a ƙofa."

"Kika ce musu me?"

Muryarta ta karye. "Na ce ba ka da lafiya, idonka ya yi rauni, su rufa maka asiri."

Da ya yi magana, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce, "Da kin fasa tankin nan da gatari, da na yi fushi na huce. Amma na tsaya a nan, na ce ke kin fi kowa sanina, na lalace ne? Kika dube ni kika ce girma ne. Kika sa mayafi kika raka ni sayen tabarau. Kina zaune a gefena mutumin nan yana nuna mini haruffa, kina cewa in ƙara dubawa da kyau."

"Na fi son ka da rai, Malam."

"Na ji."

Abin da ya ce ke nan. Na ji.

Washegari ya ari baro, ni da shi muka ɗauko kafet ɗin Hajiya. Ya yi masa duk abin da ya sani. Ya jiƙa wurin da ruwan sanyi, ya danna, ya sake jiƙawa. Ya wanke gaba da baya. Warin ya tafi, gashin ya yi laushi, duk kafet ɗin ya haska. Tabon ya koɗe amma bai fita ba, ya bar wata inuwa rawaya-rawaya, wadda in ka san tana nan ba za ka daina ganinta ba. Ya ce mini, "Ya dahu, Faci. Ba mai fitar da shi."

Na ce, "To ka faɗa mata wanda ya dafa."

Ya ce, "In na ce Auta, za a ce me ya sa ban sani ba. In na ce an ɓoye mini, za a ce wa ya ɓoye. Matar da ta haifa mini 'ya'ya zan kai shagon ɗinki a yi ta yanka ta da almakashi?"

A shagon muka sami Hajiya, kekuna suna ta gudu. Da muka shimfiɗa, ta tafa hannu duk suka tsaya. Ta duba, ta taɓe baki. "Ga shi nan dai. To, ka ce za ka kawo mini amsa. Wa ya yi mini wannan?"

'Yan mata sun zuba ido, ga masu jiran ɗinki a kan benci. Na taka masa ƙafa. Ya janye.

Ya ce, "Aikin gidana ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

"Ran nan ka ce bai shiga gidanka ba!"

"Na yi kuskure."

Ta juya ga matan kan benci. "Kun ji ko? Ya ɓata, ya yi musu, yanzu ya amsa. Allah ya sa mu gama lafiya."

Kafin sati ya zagayo, duk unguwa ta ji. Ni kuwa ban yi alkawarin shiru ba. Duk wanda ya kawo mini taya sai na gaya masa Auta ne, da injinsa. Ban sa Maman Yara a ciki ba, wannan kam na riƙe. Amma kun san abin da ya faru? Dariya suke yi. "Faci, ka fara ko? Mutum ya amsa da bakinsa a gaban jama'a, kai kana nan kana ƙirƙira." Shekara da shekaru ina zuba musu ƙarya don nishaɗi suna hadiyewa, ranar da na zo da gaskiya aka ce wasa nake. Shi ya sa na zauna na rubuta, da ɗan karatun da nake da shi, ko a takarda za a yarda.

Auta ya shafe sunan da ke bango, ya sa wani. Har yanzu yana aiki, an ce ma ya koyi tambayar abin da ya zube kafin ya kunna injin. Ya zo ba da haƙuri da manyan mutane, Malam Kumfa ya shimfiɗa musu tabarma, ya ce ya yafe, ya raka su ƙofa. Da Auta ya ce Baba, sai ya ce, "Sauka lafiya, Alhaji."

Tankin an saye. Ranar da aka zo ɗauka, Maman Yara ta fito ta tsaya a gaban motar, ta ce a bar shi, ita ta yarda ya koma aikinsa, ko rabin yini ne. Ya ce, "Aikin wa za a kawo?" Ya kama wa masu ɗauka gefe ɗaya da kansa.

Yanzu yana tsaron wani shagon katako da rana, wuri busasshe, a kan kujera. Ba ya faɗa da ita. Yana cin abincinta, yana gaishe ta, in ba ta da lafiya shi ke sayo magani. Tambayarta ce ya daina. Ko riga zai sa, ba ya cewa wacce ta fi.

Kwanan baya ta zo shagona, abin da ba ta taɓa yi ba duk zamanmu. Ta tsaya a gefen tulin tayoyi tana gyara mayafi. Ta ce, "Faci, da kai yake zama. Me yake cewa a kaina?"

Na so in ƙirƙiro mata wani abu mai daɗi, na iya ai. Na ce, "Ba ya cewa komai, Maman Yara."

"Ko zagi?"

"Ko zagi."

Ta juya tana kallon titi. Can ta ce, "Amma tarin ya tafi. Ka ƙara jin yana tari?"

"Ban ƙara ji ba."

"To," in ji ta. Ta ɗan ƙara tsayawa, kamar akwai sauran magana. Wani mai babur ya turo nasa ya tsaya a tsakaninmu yana nuna mini tayar baya, ta matsa masa, ta koma cikin gida.